Faɗakarwa a Kan Uban da Ya Rasa Aiki, Ya Nemi a Rage Masa Kuɗin Ciyar da 'Ya'yansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda ta yawaita a zaurukan malamai da gaban alƙalai a 'yan shekarun nan, har ta isa a zauna a warware ta a fili. Ga yadda ta ke. Mutum ya rabu da matarsa, akwai 'ya'ya tsakaninsu, 'ya'yan suna hannun uwa. Alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa kowane wata domin cinsu da tufarsu da karatunsu. Ya yi ta bayarwa muddin yana ɗaukar albashi. Ran nan sai aka miƙa masa takardar sallama a wurin aiki, ko kuwa gobara ta cinye rumfarsa, ko jari ya karye. Sai ya ce a rage masa. Ita kuwa uwar ta ce ko abin da a ke bayarwa ɗin ba ya kai su rabin wata. Yana yiwuwa kowannensu gaskiya ya ke faɗi. Yaran da ke tsakiya kuwa ba su san an sallami kowa ba, abin da suka sani shi ne gari ya waye, ciki yana neman koko.

Abin da ya kawo haka

Rasa aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Masaƙar Kaduna ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, waɗansu masaƙu kuma suka bi sawunta a Kaduna da Kano, dubban magidanta suka koma gida. A watan Janairu 2013 aka hana acaba a birnin Kano, mutane masu yawa suka wayi gari ba sana'a. A watan Maris 2016 gobara ta cinye rumfuna masu yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar za ta sallami malaman firamare 21,780 bayan wata jarrabawa da ta yi musu. Kowane ɗaya daga waɗannan mutane akwai bakunan da ke jiransa, waɗansu a gidansa, waɗansu a gidan matar da ya saka.

Amma abin da ya bambanta wannan zamani shi ne rashin aiki ya haɗu da tsada. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an daina biyan tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Gwamnati da kanta ta shaida naira ta yi rauni, shi ya sa a Yuli 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000.

To, a ƙaddara alƙali ya yanka wa mutum naira 15,000 a wata domin yara uku a farkon 2023. Lambar tana nan a takarda yadda aka rubuta ta, amma mudun gero da za ta saya ya ragu ƙwarai. Watau tun kafin uba ya buɗe baki ya nemi ragi, kasuwa ta riga ta rage wa yaran. Wanda duk zai yi hukunci ko sulhu a wannan mas'ala lalle ne ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Abin da shari'a ta aza

Ciyar da 'ya'ya, watau nafaƙa, a wuyan uba ta ke, ko uwarsu tana ɗakinsa ko ta fita. Saki yana yanke igiyar aure, ba ya taɓa dangantakar uba da ɗansa. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane ɗalibi ya bi ta kanta, ta bayyana iyakar abin: ɗa namiji ƙarami wanda ba shi da dukiya ana ciyar da shi har ya balaga, in ba shi da wata naƙasa mai hana shi nema, 'ya mace kuwa har a aurar da ita, mijinta ya tare da ita. Renon yara kuma, wanda malamai ke kira halana, haƙƙin uwa ne bayan saki har zuwa waɗannan iyakoki. In ta yi wani aure ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Duk hannun da yara su ke, can abincinsu zai bi su.

Sai maganar gwargwado. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufa a kan wanda aka haifa wa ɗa bisa abin da aka saba, ta kuma hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta raba mutane biyu: mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da ke hannunsa. Hindu 'yar Utba ta kai kukan mijinta Abu Sufyanu ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan yana da riƙo, aka yi mata izini ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa al'ada. Daga nan malamai suka fahimci ma'auni biyu ne a ke dubawa tare, buƙatar yaro da ƙarfin uba.

Saboda haka neman ragi ba abin kunya ba ne, ba kuma saɓo ba ne. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 829 bayan Hijira, ya bayyana cikin Tuhfatul Hukkam cewa yankan nafaƙa abu ne da aka bar wa ijtihadin alƙali, ya dubi abincin da mutanen gari ke ci, da halin waɗanda abin ya shafa, da farashi, da lokaci, da wuri. Abin da aka gina a kan hali kuwa, in hali ya sāke, shi ma sai ya sāke. Ƙofar da uba ke bi ya nemi ragi ran da ya rasa aiki, ita ce kuma uwa za ta bi ta nemi ƙari ran da ya samu.

Ragi ba a bakin uba ya ke ba

A nan mafi yawan mutane ke yin ɓata. Mutum ya rasa aiki, sai ya yanke wa kansa hukunci: watan farko ya aika da rabi, na biyu ya aika da gaisuwa, na uku ya kashe waya. Ya ɗauka rashin da ke aljihunsa ya isa hujja. Alhali kuwa a wurin alƙalan mazhabar Maliku, mutum ana ɗaukarsa mai hali ne har sai rashinsa ya tabbata. Mai da'awar rashi shi ke kawo shaida. Muhtasar na Shehu Halilu ya bayyana yadda a ke yi da mai bashin da ya ce ba shi da shi: shaidu su tabbatar ba su san shi da wata dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, shi kuma ya yi rantsuwa a kan haka, ya ƙara da cewa in ya samu zai biya, sa'an nan a yi masa jinkiri. Jinkirin kuwa yana da tushe a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni a saurara wa mai ƙunci har ya sami sauƙi.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata 'yan kasuwa su gane, tun da su ne masana bashi. Nafaƙar 'ya'ya wadda ba a kai gaban alƙali ba, in lokacinta ya wuce ba a bin uba da ita, sai fa in wani ya ciyar da yaran da niyyar a biya shi, uban kuma yana da hali a sa'an nan. Amma wadda alƙali ya yanka, duk abin da ya taru a kan uba yana mai hali ya zama bashi a wuyansa, rasa aikin da ya zo daga baya ba ya shafe shi. Watannin da ya yi shiru bayan sallama kuwa, shi za a ce ya kawo shaidar ba shi da komai a cikinsu, kuma tabbatar da rashin bara ya fi tabbatar da na yau wuya, gama shaidu sun manta, kuɗin sallama ya narke, ba wanda ya san inda ya shiga.

Wannan hikima ba a nan kaɗai aka gane ta ba. A Amurka, tun 1986 dokar tarayya ta hana alƙali ya yafe kuɗin ciyarwar da ya riga ya taru. Ragi ba ya komawa baya ya wuce ranar da aka sanar da ɗaya ɓangaren an nemi ragin. A Ingila hukumar da ke kula da kuɗin ciyar da yara tana sake lissafi in abin da uba ke samu ya sauka ko ya hau da kashi 25 cikin 100, amma sai labari ya kai gare ta. Ko'ina dai mai jinkiri shi ke kwana ciki.

Hanyar da ta dace ita ce wannan. Makon da aka sallami mutum ya sanar da mai renon yaran ta hannun waliyyinta ko wani dattijo, kada ta ji a bakin maƙwabta. In sun daidaita a kan wani adadi, to sulhu alheri ne, amma a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a kai wa kotun da ta yi hukuncin farko ta shigar a littafinta. Hukumar Hisba a Kano da wasu jihohi tana irin wannan sulhu, sai dai hukuncin alƙali, alƙali ne ke sāke shi. In ba su daidaita ba, uba ya koma wannan kotu da takardar sallamarsa, da bayanin asusunsa na banki, da shaidu waɗanda suka san cikinsa da wajensa. Kafin a yi zama kuma kada ya ɗauke hannu ɗungum. Ya ci gaba da ba da abin da ya sawwaƙa, ya karɓi rasit ko ya ajiye shaidar turawa ta waya. Wanda bai gamsu da hukunci ba, cikin su biyun, yana da ikon ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiharsa, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon duba al'amuran aure da iyali na Musulmi.

Abin da alƙali zai bincika

Rasa aiki daban, rasa dukiya daban. Wani an sallame shi amma an ba shi kuɗin sallama. Wani yana da gona a ƙauye, ko ɗakunan haya, ko keke mai ƙafa uku da yaro ke ja yana kawo masa balas. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikacin da ke cikin tsarinta, in ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho. Duk waɗannan dukiya ce, yara kuma suna da rabo a ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwa tana da haƙƙin a yi mata i'izari, watau a tambaye ta ko tana da suka ga shaidun, ko ta san wata dukiya da aka ɓoye. Wanda ya zo yana kukan rashi alhali kafinta na haɗa masa akwatunan lefen sabuwar amarya, to shi da kansa ya ba da shaida a kan kansa.

In kuwa ƙunci ya tabbata, akwai dabaru biyu a cikin littattafai waɗanda suka dace da wannan zamani. Ta farko, malamai sun ce ana tsara lokacin bayarwa bisa yadda mutum ke samu: mai aikin yini kullum, wani mako mako, mai albashi wata wata, manomi shekara shekara. Sun faɗi haka a babin nafaƙar mata, hikimar kuwa ɗaya ce. Wanda ya fita daga layin albashi ya koma dako ko leburanci, in aka ce ya tara na wata guda ba zai tara ba, amma abin cefanen mako yana iyawa. Ta biyu, a yanka abin da mudu maimakon naira: mudu kaza na gero ko masara, da abin miya, da sabulu, da tufa sau biyu a shekara, na ɗari da na bazara. In aka yi haka, tashin farashi ba zai cinye rabon yara a ɓoye ba, uban da ke da ɗan rumbu kuma zai iya biya daga abin da ya noma.

Ya kamata kuma ragin ya zama mai wa'adi. A ce wata uku ko wata shida, a dawo a sake dubawa. Ragin da ba a sa wa rana ba yakan zama gado, uba ya sami sabon aiki ya yi shekaru yana biyan kuɗin zamanin rashi.

Wa zai cike giɓin?

Ga wuyar mas'alar. Alƙali yana iya rage abin da ke kan uba, amma cikin yaro ba ya raguwa da hukunci. A mazhabar Maliku ba a wajabta wa uwa ciyar da 'ya'ya daga dukiyarta ba, in ban da shayar da jariri sa'ad da uba ba shi da komai, jaririn ma ba shi da dukiya. Abin da ta kashe a lokacin da rashin uba ya tabbata kuwa, ba za ta bi shi da shi ba. Amma a zahiri ita ce ke ɗaukar nauyin, da ɗan ƙosanta da wankau da kitso, ko tsohonta wanda ya aurar da 'ya ɗaya aka komo masa da mutum huɗu. In ƙarfi ya ƙare sai a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata farantin talla.

A tsarin Musulunci irin waɗannan yara baitulmali ke ɗaukarsu, kuma suna cikin fakirai da miskinai masu rabo a zakka. Waɗansu ƙasashen Musulmi sun mai da wannan doka. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 wanda ke biyan matar da aka yanka wa nafaƙa mijin bai biya ba, sa'an nan asusun ya bi mijin. Masar ta yi irinsa a 2004 ta hannun Bankin Nasir. Maroko, wadda ke bin mazhabar Maliku kamar mutanen ƙasar Hausa, ta yi dokar nata asusun a 2010. Jihohin Arewa masu hukumomin zakka, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, suna iya ware wani kaso domin yaran da alƙali ya tabbatar da rashin ubansu, takardar hukuncin ta zama ita ce shaidar cancanta. Ba wata tantancewa da ta fi wadda aka yi da shaidu da rantsuwa.

Rabon malamai da 'yan kasuwa

Malaman allo su ne a kan fara kawo wa sakamakon wannan rikici. Wani uba in nauyi ya yi masa yawa sai ya ce a ba shi 'ya'yansa, ya karɓe su daga hannun uwa, bayan kwana biyu ya kai mazan wani gari ya danƙa wa malam, ba guzuri ba waiwaye. Ya kira wannan neman ilimi, alhali gudun nafaƙa ne. Gaskiya ne uba yana da ikon kula da tarbiyyar ɗansa da aika shi makaranta ko da yana hannun uwa, amma wannan bai ba shi ikon ƙwace reno ba, bai kuma sauke masa ciyarwa ba. Malamin da aka kawo wa yaro ƙarami ya kamata ya tambaya: ina uwarsa, ta yarda? Wa zai riƙa aiko da abincinsa, kuma yaushe? In ba amsa, ya mai da yaron, domin karɓarsa taimako ne a kan zalunci, bara kuma da yaron zai yi, sunan makarantar allo za ta ɓata.

'Yan kasuwa kuwa su ne a kan kira shaida, tun da su suka san wanda jarinsa ya karye da gaske da wanda ya sauya wa kuɗinsa rumfa. Kada abota ta sa mutum ya ce bai san abokinsa da komai ba alhali ya san kayansa na kan hanya. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, wannan kuwa tuwon yara za a ci da ita. Mai hali da ke son ya taimaki uban da ya rasa aiki, mafi amfani ya ba shi kaya ya sayar ko ya ɗauke shi jiran rumfa, bisa sharaɗin a fara cire na yara kafin ya taɓa saura. Mai fitar da zakka kuma ya duba unguwarsa tukuna, akwai zawarawa masu marayun da ubansu ke raye.

Ga uwa kuma, in rashin ya tabbata a gaban alƙali, haƙuri ya fi. Ɗaure wanda ba shi da shi ba ya kawo hatsi, sai ma ya toshe ɗan abin da ke ɗigowa. Kada kuma ta hana shi ganin yaransa domin bai biya ba, gama zumunci haƙƙin yaran ne, ba jingina ba ne.

Taƙaitawa dai, wanda ya rasa aiki yana da haƙƙin a sassauta masa, amma ta hannun alƙali, da shaida, da wuri, kuma zuwa wani wa'adi. Abin da ya rage bayan sassauci ya hau kan dangi da mawadata da hukuma, gwargwadon ikon kowa. Allah Ya buɗa wa wanda aka ƙuntata wa, Ya ba alƙalai basirar auna tsakani, Ya raya yaran Musulmi a kan alheri. Allah Shi ne mafi sani. Haza wasalam.